Neman Aikin Yaɗa Labarai a Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi ga Matasan Zamfara

Duk sanda aka ji ƙishin-ƙishin cewa wata jami'a za ta ɗauki ma'aikata, wayata ba ta hutawa. Ƙanne, 'ya'yan abokai, tsofaffin abokan aiki na gidan rediyo, kowa da tambayarsa, domin sun san na yi shekaru a ofishin yaɗa labarai na wata babbar makaranta, na kuma zauna a kwamitin tantance masu neman aiki fiye da sau ɗaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Na fi karkata ga Gusau da kewayenta, amma ɗan Birnin Kebbi ko Zuru zai ga kusan komai ya shafe shi. Tun farko a riƙe wannan: tallan da jami'a ta buga shi ne alƙali. In abin da na faɗa ya saɓa da shi, a bi tallan.

Malam, wai mene ne aikin? Ba ɗaukar hoto da gabatar da baƙi a taro ba ne?

Wannan shi ne abin da ido ke gani ranar bikin yaye ɗalibai ko rantsar da sababbi. Sauran kwanakin shekara, aikin na kan tebur ne. Jami'in yaɗa labarai shi ke rubuta sanarwar da za a aika wa 'yan jarida, ya tsara takardar labaran jami'a ta mako ko ta wata, ya kula da abin da ake sawa a shafinta na intanet da na Facebook, ya shirya wa shugaban jami'a jawabi, ya ɗaga wayar wakilin jarida da ya kira ƙarfe goma na dare yana son jin ta bakin hukuma. A wurare da yawa an haɗa masa da tarbar baƙi da masaukinsu, abin da ake kira furotokol. Ofishin yakan kasance ƙarƙashin shugaban jami'a kai tsaye, amma ma'aikatansa na cikin rukunin waɗanda ba sa koyarwa, kuma takardun ɗaukarsu da na ƙarin girmansu suna hannun ofishin rajistara.

Akwai ɓangaren da ba a cika ambata ba, wato sauraro. In ɗalibai na gunaguni kan ruwa a ɗakunan kwana, ko mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da jami'a na jin an ci musu iyakar gona, jami'in kirki shi zai fara kai maganar sama tun tana ƙarama. Wanda bakinsa kawai ke aiki, kunnensa a toshe, rabin aikin ya iya.

Waɗanne makarantu ne ke da irin wannan gurbi a kusa da mu?

A Zamfara akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013 tare da ta Birnin Kebbi da ta Gashuwa, sai Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, ta 2018. A Kebbi, ban da ta tarayya, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero tun 2006, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru. Kada a manta da kwalejojin fasaha na Ƙaura Namoda, Talata Mafara da Birnin Kebbi, da kwalejojin ilimi. Su ma suna da ofishin yaɗa labarai. Sai dai ofishin ƙarami ne a ko'ina. Mutane kaɗan ke cikinsa, kuma ana iya shekaru ba a buɗe gurbi ko ɗaya ba.

Wane karatu ake nema?

Ga matakin shiga, abin da aka saba nema shi ne digiri na farko daga jami'ar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da ita, kuma kada ya gaza daraja ta biyu mataki na ƙasa, wato 2:2. Sai kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci, sau da yawa har da lissafi. Sai takardar bautar ƙasa, da iya aiki da kwamfuta.

Fannin da aka fi ambata shi ne koyon aikin jarida da sadarwa, wanda kowa ke kira Maskom. Amma a kula: tun 2020 NUC ta sanar da raba wannan fanni gida bakwai, ciki har da aikin jarida, hulɗa da jama'a, tallace-tallace, aikin rediyo da talabijin, fim, da sadarwa don ci gaban al'umma. Don haka yanzu ana samun matashin da satifiket ɗinsa bai ce Maskom ba, alhali daga tsatson ya fito. In tallan tsohon salo ne ya rubuta Maskom kawai, kada wannan ya hana ka nema. Ka bayyana a wasiƙarka, ka kuma haɗa da takardar sakamakon darussan da ka yi.

Ni Hausa na karanta. Abokina kuma Turanci. Muna da rabo?

Kuna da shi, matuƙar tallan ya ce "ko wani fanni makamancin haka", kuma sau da yawa yana cewa. Masu digirin Turanci, harsuna, tarihi da kimiyyar zamantakewa sun daɗe suna riƙe waɗannan ofisoshi. Wanda ya ƙara da difloma ta gaba da digiri a fannin sadarwa ko hulɗa da jama'a ya ƙara wa takardunsa nauyi sosai.

Game da Hausa kuwa, ina da ra'ayi kuma ba na ɓoye shi. Jami'a na rubuta sanarwarta da Turanci, amma uban da ya sayar da buhunan waken suya ko masara ya biya wa 'yarsa kuɗin makaranta da Hausa zai ji labarin, a Rediyon Zamfara ko Pride FM ko a saƙon murya na WhatsApp. In ofishin ba shi da wanda zai mayar da sanarwar cikin Hausa mai kyau, wani can a waje zai fassara ta yadda ya ga dama. Na ga an fassara dakatar da ɗalibi na zango ɗaya a matsayin kora, iyaye suka kwana cikin tashin hankali a banza. Ya kamata jami'o'inmu su riƙa rubuta iya Hausa ƙarara cikin sharuɗɗa, su kuma gwada shi a rubuce. Jin harshe daban, iya rubuta shi da ƙa'ida daban. Amma kai ma mai digirin Hausa, in Turancinka na ɗingishi, ka gyara shi tun yanzu, domin wasiƙun ofis da shi ake yi.

Babbar difloma gare ni, HND. Za a karɓe ni?

Ana karɓa, amma a yawancin jami'o'i ba a layi ɗaya ake sa mai HND da mai digiri ba. Mai HND yakan shiga layin jami'an zartarwa ko na fasaha, kamar ɗaukar hoto, haɗa bidiyo da tsara shafuka, kuma tsaninsa yakan ƙare kafin kujerar shugaban sashe. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Ni na yi aiki da masu HND da suka fi wasu masu digiri iya rubuta labari nesa ba kusa ba, domin kwalejin fasaha ta fi ba da ƙarfi ga aikin hannu, kuma wannan bambanci yana ci mini rai. Shawarata ita ce ka shiga ta ƙofar da ta buɗe, sannan ka yi difloma ta gaba da digiri, ka ɗora da digiri na biyu. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, ka tambayi ofishin rajistara ko za su amince da shi wajen canza maka layi.

Ban yi bautar ƙasa ba saboda na haura shekara 30 kafin in gama.

Ba matsala, in dai kana da takardar da hukumar NYSC ke ba wanda aka ɗauke wa. Waɗanda suka yi karatun ƙarshen mako da makamantansa su ma akwai tasu takardar. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka zo hannu rabbana, domin dokar NYSC ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya nemi ɗaya daga ciki.

Mece ce NIPR, kuma dole ne in yi rajista da ita?

Ita ce Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya. An kafa ta a 1963, sannan Doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi wa masu wannan sana'a rajista da tsara musu ƙa'ida. A ƙarƙashin dokar, yin aikin hulɗa da jama'a ba tare da rajista ba laifi ne. A matakin shiga wasu jami'o'i kan ɗauke ka su ba ka lokaci ka yi, amma a manyan matakai sharaɗi ne da ake rubutawa. Katin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ba ya maye gurbinta. Wannan ƙungiyar ma'aikata ce, waccan kuwa hukumar sana'a ce da doka ta kafa.

A wane mataki ake farawa, kuma ina ake tsayawa?

Albashin ma'aikatan da ba sa koyarwa a jami'o'in tarayya yana kan tsarin CONTISS, mai matakai har 15. Na malamai shi ne CONUASS. Mai digiri na farko yakan fara a mataki na 7. Akan tabbatar da shi bayan kimanin shekara biyu na gwaji, sannan ƙarin girma yakan zo duk bayan shekara uku in ya cika sharuɗɗa. Shugaban sashen yakan kasance a mataki na 14 ko 15, da sunan mataimakin rajistara ko darakta. Shekarun ritaya 65 ne, bisa dokar 2012. Jami'ar jiha kan ari wannan tsarin, amma abin da ke shiga aljihu da ranar da yake shiga ya danganta da gwamnatin jihar.

Yaya ake ɗaukar ma'aikacin, daga farko zuwa ƙarshe?

Sashen da ke da buƙata zai sanar, majalisar gudanarwar jami'a ta amince, a tabbatar akwai kuɗin biyansa a kasafi. Sai talla. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ta ce a buga gurabe a jaridu aƙalla biyu masu yawo a faɗin ƙasa, a ba masu nema aƙalla mako shida. Daga nan sai tace takardu, jarrabawa ko intabiyu ko duka biyu, sai kwamitin ɗaukar aiki da ƙarin girma ya miƙa sunaye, a kuma samo takardar shaidar bin ƙa'ida daga Hukumar Raba Daidai. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta cire manyan makarantu daga tsarin biyan albashi na IPPIS, ta kuma sassauta musu batun jiran izinin ofishin shugaban ma'aikata kafin su ɗauki mutum. Wannan ya ƙara wa majalisun gudanarwa iko, ya kuma ƙara musu nauyin da za a tambaye su a kai.

Ni ɗan Zamfara ne. Ba ni ya kamata a fara dubawa ba a jami'ar da ke jiharmu?

A jami'ar jiha, haka ne, kuma a can akan duba rabon ƙananan hukumomi 14. Jami'ar tarayya kuwa ta ƙasa ce baki ɗaya. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a raba muƙamai yadda kowane yanki zai ga nasa a ciki. A ƙananan matakai ne ƙa'ida ta ware wa 'yan yankin da makarantar take aƙalla kashi 75 cikin 100. Aikin jami'in yaɗa labarai ba ya cikin waɗannan ƙananan matakan, don haka kana iya yin takara da ɗan Inugu ko ɗan Ilori. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Kai ka san garin, ka san harshen, ka san wa ake gaisarwa a fada da yadda ake gaishe shi. Ka nuna wannan a aikace, kada ka dogara da takardar ƙaramar hukuma kaɗai.

Wani ya ce in kawo kuɗi ya samo mini takardar ɗaukar aiki.

Kada ka ba shi ko sisi. Ko dai ɗan damfara ne mai buga takardar bogi, ko ma'aikaci ne da ke sayar da abin da ba nasa ba, kuma a duka biyun kai ne za ka kwana a ciki. Na san gidan da aka sayar da fili saboda wannan, yaron ya yi wata uku yana zuwa ofis kafin a gane sunansa ba ya cikin kowane kundi. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na karɓar ƙorafi a kan haka. A 2023 ma Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya.

Ba zan ce maka sanayya ba ta aiki ba, domin kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Amma na sha ganin wanda bai san kowa ba ya samu, saboda a wannan ofis ɗin musamman shugaba na buƙatar mutum ɗaya aƙalla da zai iya rubutu.

Me ake tambaya a intabiyu?

Za a tambaye ka tarihin jami'ar, sunayen tsangayoyinta, bambancin majalisar gudanarwa da majalisar malamai ta Sanet. Wannan karatun dare ɗaya ne. Inda ake rabuwa shi ne in an miƙo maka takarda da biro.

A wani zama da na halarta, mun ba kowa minti ashirin ya rubuta sanarwar ɗage jarrabawa, da Turanci sannan da Hausa. Wani mai sakamako mai kyau ƙwarai ya cika shafi da yabon shugaban makaranta, bai faɗi sabuwar ranar jarrabawar ba sai a layin ƙarshe. Wata baiwar Allah kuwa ta rubuta layi shida: an ɗage, daga yaushe zuwa yaushe, su wa abin ya shafa, dalili, da inda za a nemi ƙarin bayani. Ita muka ba maki mafi yawa, babu wanda ya yi gardama. Tun daga ranar nake ganin duk kwamitin da ya ɗauki jami'in yaɗa labarai ba tare da ya sa shi ya yi rubutu a gabansa ba, ya sayi doki ne bai ga tafiyarsa ba. Satifiket yana shaida cewa mutum ya zauna a aji. Ko ya iya aikin, sai an gwada.

Ka zo da samfurin aikinka: labaran da ka rubuta, shirin rediyo, hotuna, bidiyo, ko da na lokacin bautar ƙasa ne. Ka kuma san dokoki biyu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ita ce za ta hana ka watsa sunayen ɗalibai da lambobinsu da sakamakonsu a intanet yadda ka ga dama.

Ina da mabiya dubbai a Facebook da TikTok. Wannan ba ƙwarewa ba ce?

Ƙwarewa ce, kuma ofisoshinmu na buƙatarta. Amma abin da ke tara mabiya, wato sauri da zafin harshe, shi ke iya jefa jami'a cikin rigima. Kuma ka sani 'yan kwamiti na leƙa shafinka. In cike yake da zagin 'yan siyasa ko malaman wata ɗariƙa, da wuya a damƙa maka sunan makarantar da ke da ɗalibai daga kowane addini da kowace jiha.

Malam, kamar kana tsanantawa. Aikin sanarwa ne fa kawai.

A wani wurin wataƙila. A nan ba haka ba ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni sai mutum ya fita jihar kafin ya kira wani. Wanda bai iya komai ba sai sa rubutu a Facebook, a lokacin hannunsa ya ɗaure. Wanda ya san ƙofar gidan rediyo, ya san allon sanarwa, ya san limamai da shugabannin tasha, shi ya iya isar da saƙo.

A watan Satumba na 2023 kuma 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Duk wanda ke Gusau ya tuna yadda alƙaluma mabambanta suka yi ta yawo a wayoyi, iyaye daga jihohi masu nisa suna kiran duk lambar da suka samu. A rana irin wannan, a kowace makaranta, wanda ke riƙe da ofishin yaɗa labarai dole ya san abin da zai faɗa, da abin da faɗarsa zai jefa waɗanda ke hannun miyagu cikin ƙarin haɗari, da yadda zai yi wa uwa magana ba tare da ya yi mata ƙarya ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ko a ranar lafiya ma kuskure na da tsada. Na taɓa aiki da wanda aka kawo mana ta hanyar alfarma, ya fitar da ranar komawa makaranta ba daidai ba. Yara suka biyo hanyoyin da kowa ya san halinsu, suka iso suka tarar da ƙofa a rufe, suka sake bin hanyar suka koma. Allah ya tsare, babu abin da ya same su, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ni mace ce, kuma ina da aure. Aikin zai yiwu?

Zai yiwu, 'yar'uwa, kuma ana buƙatarku. Akwai abin da ɗaliba ko mahaifiyarta ba za ta faɗa wa namiji ba. Sai dai ki sani akwai ranakun da ake kaiwa dare, musamman makon yaye ɗalibai, da tafiye-tafiye jefi-jefi. Ku zauna da maigida ku fahimci juna tun kafin ki karɓi takarda. Ga masu buƙata ta musamman kuma, dokar hana nuna musu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Digirina daga ƙasar waje na samo shi.

Sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi. An ƙara tsaurarawa tun Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida.

Na yi shekara goma ina aikin jarida. Za a lissafa mini su?

Akan lissafa, in tallan na babban mataki ne kuma kana da takardun da ke tabbatar da shekarun. Abin da ya fi wuya shi ne sauya zama. Jiya kai ke tambaya, yau kai ake tambaya, kuma abokanka na jiya ne za su kira ka. Za ka ci karo da ranar da shugaba zai so ka musanta abin da ka san ya faru. Abin da na koya shi ne in shiga ofishinsa in rufe ƙofa in ce, "Ranka ya daɗe, in muka musanta yau, gobe hoton zai fito, kuma daga nan ba mai sake yarda da sanarwarmu." Mafi yawan lokuta akan saurara. Kana da damar ka ce ana bincike, ko ba za ka yi magana yanzu ba. Ƙarya ce kawai ba ka da damar yi.

To kafin a buɗe gurbi, me zan riƙa yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haɗa takardunka a fayil ɗaya: na firamare, na sakandare, digiri, bautar ƙasa, shaidar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, da lambar NIN. Ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a dukkansu, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya sha jawo wa mutane jinkiri. In akwai saɓani ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu. Ka nemi mutum uku da suka san aikinka da gaske su tsaya maka shaida, ka kuma gaya musu kafin ka rubuta sunayensu. Ka fara maganar rajistar NIPR. Sannan ka nemi gidan rediyo ko wata jarida ta intanet ka riƙa kai musu rahoto, ko da ba biya, labari ɗaya duk mako, wannan makon da Hausa, mai zuwa da Turanci, kana ajiye kwafin kowanne da kwanan watansa.